Garinku Ina? Yadda Shago Ya Kuɓuce wa Wata Mai Waakye a Nima

A Nima, unguwar zango a Akra, babban birnin Gana, duk macen da ke sayar da waakye, wato shinkafa da wake, Hajiya ce, ko ta taka Makka ko ba ta taka ba. Wadda zan ba da labarinta ba ta taka ba tukuna. Hajiya kawai zan kira ta, domin ta yarda in rubuta lamarin amma ba ta yarda sunanta ya fita ba. Maƙwabciyata ce, marigayi mijinta abokina ne tun muna makarantar allo, kuma ni ke riƙe da littafin adashin matan layinmu. Shi ya sa na san shige da ficen kuɗinta fiye da yadda maƙwabci ya saba sani.

Fiye da shekara ashirin tana tashi ƙarfe biyu na dare ta hura wuta. Wake ya jiƙu tun yamma, sai ta zuba karan dafi da 'yar kanwa, in ya ɗauko nuna ta kawo shinkafa. Kafin a kira assalatu miya ta haɗu, shito, wato soyayyen yaji, ya soyu, an tafasa taliya da ƙwai, an yanka ganda, an rufa garin rogo da mai. Ƙarfe shida tana bakin titi, ƙarfe goma sha ɗaya tukunya ta ƙare. Masu sayenta ba 'yan Nima kaɗai ba ne. Ma'aikata daga Kanda da Ridge da unguwar filin jirgi sukan tsayar da mota su bi layi, wasu ma su aiko direba da kuloli. Sunan abincin kansa daga bakinmu ya fito, wake ne aka mayar waakye, amma yau babu ƙabilar da ba ta karyawa da shi a Gana.

Wanda ya ga layin nan zai ɗauka kuɗi na zaune. Littafina bai nuna haka ba. Ruwa saye take yi jarka-jarka, irin rawayar nan da ake kira galan ɗin Kufuor, kuma in ka tara na wata ya fi abin da mai famfo a gidansa yake biya. Shinkafa bashi take ɗauka wurin dillali a kasuwar Nima, ta biya ranar Laraba da ɗan ƙari a kai, domin ba ta da jarin sayen buhu goma a tashi ɗaya. Banɗaki ma na haya ne, ita da 'yan aikinta. Talaucin cikin birni tsada gare shi: wanda ba shi da yawa komai ƙanana yake saye, ƙanana kuwa sun fi tsada.

Shagon

A tsakiyar 2022 wani direba cikin masu sayenta ya gaya mata akwai shago da ya fito haya a ƙetaren babban titin Kanda, kusa da ofisoshi. Ɗaki ɗaya ne da baranda, da famfo, da wurin ajiye teburi huɗu. Ta je ta gani, ta dawo ta same ni bayan la'asar.

"Malam, duba min littafi. In na kwashi adashina na wannan zagaye, na haɗa da abin da ke hannuna, ina na tsaya?"

Muka yi lissafi tare. Da shagon za ta iya sayarwa har yamma, ta ƙara tuwon zafi da rana, ta daina gudun ruwan sama da jami'an da ke korar masu talla daga bakin titi. A lissafinmu mai tsantseni, ribarta za ta ninka. Ban taɓa ganin kasuwanci mai tabbas kamar wannan ba, domin masu sayen suna nan, suna ƙetaro titi su same ta.

Mai shagon ya ce kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule. Dokar haya ta 1963 ta hana a karɓi fiye da na wata shida a gaba, amma duk mazaunin Akra ya san wannan doka a takarda take kwana. Abin da Hajiya ke da shi bai wuce na wata tara ba. Mai shagon, don direban ya sa baki, ya ba ta wata biyu ta cika.

Dole in faɗi abin da ya sa ajiyarta ta yi ƙaranci. Shekaru tana zuba kuɗi a wani ƙaramin kamfanin ba da rance, irin waɗanda ma'aikatansu ke zagayawa da ɗan littafi su karɓa a wurin sana'a. Ta zaɓe su ne don su suke zuwa wurinta, ba sa tambayar takardu, kuma yarinyar da ke karɓa tana jin Hausa. A ƙarshen Mayun 2019 Babban Bankin Gana ya soke lasisin irin waɗannan kamfanoni 347 a rana ɗaya, nata yana ciki. Kuɗin ya dawo mata bayan dogon jira, amma a tsakani ta ci bashi don riƙe tukunya, sannan annobar korona ta zo a 2020 aka rufe Akra makonni uku. Abin da ya dawo, bashi ya cinye rabinsa.

Katin

Sai banki. Tana da asusu da mijinta ya buɗe mata tun da daɗewa, amma daga 1 ga Yulin 2022 an ce babu hulɗa da banki sai da katin ɗan ƙasa, wato katin Gana. Hajiya ba ta da shi.

Laifinta ne? Wani ɓangare nata ne, kuma na gaya mata. Lokacin rajistar gama-gari a 2019 na yi ta fama da ita ta je, tana cewa tukunya ba ta barinta. Daga baya ta faɗa min gaskiya: tsoro ne. Ta ji mata suna labarin yadda ake tsananta wa mai sunan Hausa ko Fulani ko Zabarmawa tambaya, ita kuma ba ta da takardar haihuwa, a gida aka haife ta a hannun ungozoma. Ta ce, "Malam, in suka ce ni ba 'yar ƙasa ba ce a gaban jama'a, ina zan sa kaina?"

Wannan tsoro gado ne, kuma ina son mai karatu ya san daga inda aka gaje shi. Kakanta a Salaga aka haife shi, a arewacin Gana, babbar kasuwar goro ta da, inda Hausawa suka zauna tun kafin Turawa su zana wata iyaka. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake suka watse, iyalinsu suka gangaro kudu har suka dire Akra. Ubanta a nan aka haife shi. Bisa dokar zama ɗan ƙasa ta shekarar 2000, wanda aka haifa a ƙasar kafin 6 ga Maris 1957, kuma ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa a ƙasar aka haife shi, ɗan Gana ne ta haihuwa. Tsarin mulkin 1992 kuma ya ce wanda iyayensa ko kakanninsa ɗaya ɗan Gana ne, shi ma ɗan Gana ne. Ta kowace fuska Hajiya 'yar ƙasa ce cikakkiya.

Amma ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Dubun dubatar mutane suka fita, akasari zuwa Najeriya da Nijar da Togo da ƙasar da ake kira Burkina Faso yau. A zangonni ba a tsaya tantance wanda aka haifa a nan da wanda ya zo jiya ba, suna da harshe da riga su ne shaida. Ƙanen ubanta, wanda shi ma a Akra aka binne cibiyarsa, ya sayar da rumfarsa da ɗakunansa a wulaƙance ya hau mota zuwa Kano, garin da bai taɓa gani ba. Shekara ta zagayo, a 1970 aka yi dokar da ta keɓe wasu sana'o'i da ƙananan kasuwanci ga 'yan ƙasa kaɗai. Darasin da gidaje irin nasu suka ɗauka shi ne: kada ka kai kanka ofis, kada ka rubuta sunanka a littafin hukuma, ka yi zamanka shiru. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Mutanen da suka yi kaka da kakanni a wuri aka koya musu su riƙa jin kansu raɓa.

Katin ya samu a ƙarshe. Wani ɗan baffanta mai kati ya yi mata rantsuwa, kamar yadda doka ta tanada ga marar takardar haihuwa da fasfo. Sai dai lokacin kowa na neman katin saboda banki da rajistar layin waya, layi tun asuba. Kwana uku ba ta ɗora tukunya ba, sannan aka jira fitowarsa. Mako biyar cikin takwas suka tafi a nan.

Teburin bashi

Ni na raka ta. Ma'aikacin ya karɓe mu da mutunci, ba zan yi masa ƙazafi ba. Ya ɗauko takarda ya fara cikewa, ya zo wani gurbi ya ɗago kai.

"Garinku ina?"

Ta ce Nima.

Ya yi murmushi ya ce ba inda take zaune ba, asalin garinsu.

Ta sake cewa Nima, nan aka haife ta, nan aka haifi 'ya'yanta, ubanta ma ɗan Akra ne. Ya ɗan yi jim, ya ce to daga Arewacin Gana ke nan, ko daga Najeriya? Na ga hannunta ya damƙe gefen mayafi. Na sa baki na ce ya rubuta Salaga, ya rubuta, aka wuce.

A Gana wannan tambaya ba ta gaisuwa ba ce. Tana kan takardar makaranta, da ta neman aiki, da ta banki. Ga Ba'ashante ko ɗan Ga ko Ewe ko Badagombe, amsarta tana ɗauke da gidan dangi, da sarki, da ƙasar gado, da wanda za a je wa in ka gudu da bashi. Ɗan zango in ya ce Nima ko Sabon Zango ko Aboabo, ba a karɓa a matsayin amsa, domin a idon mutane da yawa zango masauki ne, ba gari ba. Alhali Nima ta kafu tun farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya samu wurin daga iyalin Odoi Kwao. Ta girmi unguwanni da yawa da ake girmamawa a Akra.

Sharuɗɗan bashin huɗu ne. Rajistar kasuwanci, wannan ana iya yi. Bayanin shige da ficen asusu na wata shida, ita kuwa cinikinta a hannu yake da ɗan abin da ke shiga MoMo, wato asusun kuɗi na waya, asusun kusan a bushe. Sai masu tsaya mata biyu masu albashin wata da ke bi ta banki. Sai jingina.

Ni ne mai albashi ɗaya, malamin makaranta, kuma na yarda. Na biyun muka nema layi-layi. A cikin dangin Hajiya da na mijinta akwai mahauta, da teloli, da direbobi, da masu gadi, da masu canjin kuɗi a Tudu, da malamai masu almajirai. Mutane ne masu neman halal, wasu ma sun fi ni samu, amma babu mai takardar albashi. Wannan ma ruwa ne da bai yi tsami banza ba. Makarantun boko na farko a ƙasar nan akasari na mishan ne, iyayenmu suka ji tsoron a raba 'ya'yansu da addini, suka tsare su a makarantar allo. Sakandaren Mfantsipim ta buɗe a Cape Coast tun 1876, Achimota a 1927, amma Arewa, inda mazauna zango da yawa suka fito, ba ta samu sakandaren gwamnati ba sai 1951 a Tamale. Sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi, wanda ya ba iyaye natsuwar haɗa allo da boko, sai 1987 aka kafa shi. Zuri'a biyu ko uku ke nan aka ba mu rata a shiga aikin ofis, kuma aikin ofis shi ke haifar da mai tsaya wa wani.

Gida mai ɗaki goma sha huɗu, ba takarda

Jingina ita ta fi ba ni takaici, domin Hajiya ba marar dukiya ba ce. Tana da gado a gidan ubanta, gida mai ɗaki goma sha huɗu a tsakiyar birnin Akra, tafiyar 'yan mintuna zuwa fadar shugaban ƙasa da babban masallacin ƙasa na Kanda. Da fili irin wannan a Cantonments, unguwar masu hali, yake, da banki ne zai biyo ta.

Amma gidan ba shi da takardar mallaka. Uban ya samu wurin ne ta hannun mai unguwa, da shaidu da goro da fatiha, kamar yadda aka saba a lokacin. Nima ta yi girmanta na farko a wajen iyakar hukumar birni, ba a shigar da ita ba sai farkon shekarun 1950, lokacin gidaje sun riga sun cushe babu tsari, babu magudana, babu taswira. Bayan 1969 kuwa wa zai ɗauki ƙafa ya je ofishin filaye da sunan Hausa ya ce a rubuta masa ƙasa? Yau magada sun kai goma sha ɗaya, biyu suna Jamus, ɗaya yana Amurka, wasu sun rasu sun bar 'ya'ya. Kafin a auna fili, a samu sa hannun masu ƙasa na asali, a tara magada su amince, shekaru ne da kuɗin da ya fi na hayar shagon. Dukiya ce da ake kwana a cikinta amma ba ta iya tsaya wa mai ita.

Ko da an cika sharuɗɗan, akwai sauran magana. A shekarar 2022 sidi, kuɗin Gana, ya faɗi warwas, dalar da ke kusan sidi 6 a Janairu ta haura 13 a Nuwamba, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba, kuɗin ruwan bankuna ya wuce kashi 30. Hajiya ta tambayi limamin masallacinmu hukuncin riba, ya faɗa mata abin da ta riga ta sani. A lokacin babu cikakken bankin Musulunci ko ɗaya a ƙasar. Ta ce min, "Malam, ko sun ba ni ban san yadda zan yi barci ba." Na yi imani da ta karɓa duk da haka, don 'ya'yanta, amma ba a kai ga nan ba.

Matan adashi sun yi abin da za su iya. Biyu suka bar mata kwasarsu, ɗan'uwanta na Jamus ya turo wani abu. Ranar da wa'adi ya cika tana da kuɗin wata goma sha biyar. Mai shagon ya ce ya yi haƙuri iyakar yinsa.

Wadda ta samu

Wata 'yar ƙabilar Kwahu ce ta karɓi shagon, kuma na san ta yanzu. Ba mai kuɗi ba ce, ba kuma azzaluma ba ce. Ita ma tun tana yarinya take dakon kaya a kasuwar Makola. Ba ta fi Hajiya ƙwazo ba, ba ta fi ta iya girki ba, ita da bakinta ta faɗa. Abin da take da shi: yaya ma'aikacin jinya, da miji malamin sakandare, su biyu suka tsaya mata, sai wani kawu da ya ba ta rance daga kuɗin kokonsa ba tare da ruwa ba. Da aka tambaye ta garinsu, kalma ɗaya ta faɗa aka rubuta.

Nan ne nake ganin gundarin lamarin. Babu wanda ya zagi Hajiya a duk tafiyar nan. Ba a kira ta pepeni ko otani ba, kalmomin raini da ɗan Arewa da ɗan zango suka saba ji a mota da kasuwa. Sashe na 17 na tsarin mulki ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko addini, kuma ba a karya shi a gabana ba. Sharuɗɗa iri ɗaya aka shimfiɗa wa matan biyu. Sai dai kowane sharaɗi yana neman abin da tarihi ya ba ɗaya ya hana ɗaya: takarda, da ɗan'uwa mai albashi, da ƙasa mai suna, da garin da ake yarda gari ne.

Ba na wanke mu. Muna kashe wa biki da anko abin da zai yi wa yaro rajistar haihuwa sau ɗari. Muna bari 'yan siyasa su ɗebi samarinmu aikin daba lokacin zaɓe, sunan unguwa ya ƙara ɓaci. Hajiya kanta ba ta taɓa rubuta cinikin rana ɗaya ba sai da na matsa mata. Amma rashin rubuta ciniki ba shi ya hana gidan ubanta takarda ba.

Hukuma ta san da mu. Musulmi kashi 19.9 cikin ɗari ne a ƙidayar 2021, ƙuri'ar zango tana da nauyi, kuma mun ga Alhaji Aliu Mahama da Dakta Mahamudu Bawumia a kujerar mataimakin shugaban ƙasa. A 2017 aka kafa ma'aikatar raya zangonni da asusun raya zango, ma'aikatar kuma aka rushe ta a 2021. An ga filayen ƙwallo na ciyawar roba da gyaran ajujuwa, kuma yaranmu na amfana. A ganina, da za a ɗauki unguwa ɗaya a auna ta gida-gida a ba magada takarda cikin rahusa, a kuma kafa asusun da zai tsaya wa mai sana'ar da aka san ta shekara ashirin a wuri ɗaya, da shi ne zai taɓa irin ciwon Hajiya.

Inda ake yanzu

Babban ɗanta ya gama jami'ar fasaha da takardar lissafin kuɗi, ya yi bautar ƙasa, ya yi shekara biyu yana kai takardun neman aiki. Wata rana ya nuna min takardarsa na ga ya rubuta Kanda a gurbin adireshi. Na tambaye shi, ya ce, "Baba, in na sa Nima ba sa kira." Da ya samu aiki, da shi ne mai albashi na biyu da muka rasa. Yanzu babur yake ja yana kai saƙon abinci.

'Yar Kwahun ta gane ba da daɗewa ba cewa ma'aikatan wajen waakyen zango suke so. Ta ƙetaro titi da kanta ta sami Hajiya, suka yi ciniki cikin girmama juna. Yanzu Hajiya na tashi ƙarfe ɗaya maimakon biyu, tana ɗora tukunya ta biyu. Ƙarfe shida da rabi ɗanta yake ɗaure kuloli a bayan babur ya kai shagon, a biya ta kuɗin sari. A can ana zuba shi a faranti, a ƙarƙashin fanka, a sayar kusan ninki biyu na farashin bakin titi.

Samunta ya ɗan ƙaru, ta kuma ce alhamdu lillahi. Na buɗe mata sabon shafi a littafi, duk ranar Juma'a ɗanta yana kai cinikin mako banki don asusun ya riƙa nuna motsi. An yi wa jikokinta uku rajistar haihuwa. Maganar takardar gida an kira taron magada sau biyu, na Amurka bai amsa waya ba tukuna.